Tebur Mai Mariƙi Huɗu

Ku da kuke cika mini shago ran Asabar, kuna jingina da bencin aikina kuna latsa waya, ku kuka ja wannan magana. Makon jiya ɗayanku ya miƙo mini waya, wai in kalli wani Bature ya haɗa tebur tun kafin shayi ya huce. Sannan ya dube ni, ya kira ni da kawun nan naku na Faransanci, ya ce, "Tonto, ai tebur ba wani abu ba ne, falanki ne da ƙafa huɗu." Kai, yaro! Da a gaban maigidana Malam Ilu ka faɗi haka, da yanzu kana neman inda kunnenka ya faɗi. Ni na ci gaba da goge katakona, amma maganar ta zauna mini a rai. Yau kuma ga ka, ka shigo ka rataye rigar sanyinka a sandar wancan dogon falankin da ke jingine a bango. To ku ajiye wayoyin nan ku zauna, in ba ku labarinsa.

A Damagaram na koyi aikin, a rumfar Malam Ilu da ke bayan tsohuwar tasha. Shekarata ta farko ko zarto bai bari na taɓa ba. Aikina miƙe tsoffin ƙusoshi a kan dutse, da share garin katako, da kai wa uwargida cefane. Ran da ya fara tafiya da ni wurin aiki, wata tsohuwa ce ke son gado. Na zaro mita ina rawar jiki zan auna ɗaki, ya buge mini hannu. Ya zauna suka yi ta gaisawa har na ƙosa. Ya tambayi ƙafarta, ya tambayi bayanta, sannan ya ce ta zauna a bakin tsohon gadon ta tashi ya gani. Sai da ta dafa bango kafin ta iya miƙewa. A hanyar komawa ya ce da ni, "Sanusi, ka ga gwiwarta? Ita za mu auna. Ɗakin lafiyarsa lau." Gadon da muka yi mata ya ɗara na kowa tashi daga ƙasa, maƙwabta suka yi ta dariya wai sai an sa mata tsani. Ita kuwa ta daina dafa bango.

Aikina na farko a ƙasar nan kantoci ne, a wani sito a Aubervilliers da ke gefen Paris, na wani Alhaji ɗan Maraɗi mai safarar atamfa da turare. A ƙarƙashin wani ɗan Fotugal na yi, mutum mai baƙin rai da hannu mai kyau. Shi ya raba ni da aunawa da ido. Na kafa kanta ina ganin ta miƙe sarai, ya zo ya ɗora nibo, ƙarfen nan mai ƙwayar iska a cikin ruwa. Ƙwayar ta gudu gefe, ya sa ƙafa ya ture aikin wuni guda. Na yi fushi har na ƙi cin abinci. Washegari na sayi nawa nibon, ga shi can a rataye, ya girmi yawancinku. Wannan yatsa da kuke kallo a sace kuwa, injin zartonsa ne ya cinye kansa, ranar da na waiga don wani ya kira sunana. A can na koyi halin masu ba da aiki. Akwai mai cewa "yi yadda ka gani", in ka gama ya ce shi ba haka ya gani ba. Akwai wata Hajiya, matar wani ma'aikacin jakadanci, da ta yi ta sa ni sake launin kabad har fentin ya kusa fin katakon kauri. Duk wannan ba ya cikin bidiyonku.

Kantar kicin ce ta haɗa ni da Alhaji Habu, watan da na sauka Lyon. Maiɗakinsa Hajiya Rabi ta ce tukwanenta sun rasa wurin zama, wani ya ba su sunana, na je gidansu a ɗaya daga dogayen benayen unguwar Minguettes. Aikin wuni ɗaya ne, amma sai da na yi ta komawa, don mutumin ba ya barin ka ɗaga guduma. Ɗan Damagaram ne shi ma, ya girme ni nesa ba kusa ba. Kafin ya zo nan ya shiga kamfanin ƙera manyan motoci a Vénissieux, direban babbar mota ne, yana jigilar gyaɗa tsakanin Damagaram da Kano. Ya san kowane rami na hanyar, kuma sai ka ji labarin ramin ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba. In ya zo kan inda ya taɓa kifewa kusa da Daura, sai ya miƙe tsaye ya riƙe sitiyari a iska, Hajiya na cewa, "Alhaji, bar bawan Allah ya yi aikinsa mana."

Abu ɗaya na gani a gidan da bai kwanta mini ba. Ni da shi Hausa muke yi, shi da Hajiya Hausa, amma da ɗansu Nasiru ya shigo daga lakwal, wato makaranta, sai harshe ya juya Faransanci. Doka ce Alhaji ya kafa, har Hajiya ta shiga ciki. Ya sha wuya a kamfani saboda rashin Faransanci, an yi masa dariya, waɗanda ya koya wa aiki sun wuce shi, ya rantse ɗansa ba zai ɗanɗani wannan ba. Na ce, "Yaya Habu, ka bar yaron nan ya ji ko da kaɗan ne." Ya ce, "Hausa tana nan tana jiransa. Ina za ta?" Yaro ya tashi da "ina kwana" da "lafiya lau" da "na gode", iyakarta ke nan. Ya yi karatu, ya samu aiki a Paris, ya zama mutum, ba abin da za ka ce da shi sai sambarka.

Shekarar annoba ba na son tuna ta. An rufe shago, katako ya yi wuyar samu, wanda ka samu ma ɗanye ne, ka yi ƙofa yau gobe ta murɗe. Sai da na rabu da ƙaramin injina na goge katako kafin na iya riƙe wurin nan. Amma wannan duk wasa ne. Mutanenmu suka yi ta tafiya, babu wanka yadda muka sani, babu jirgin kai gawa gida, babu taro. Dama a ƙasar nan doka ce, ba a binne mutum sai a cikin akwati, to a shekarar sai ka ji an rufe akwatin tun a asibiti, iyali ko fuska ba su gani ba. Bayan an binne wani amininsa, Alhaji Habu ya kira ni a waya, ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba. Ya ce, "Sanusi, kai kafinta ne. Kada ka bari a buga mini ƙusa. Mu a kafaɗa muka ɗauki iyayenmu, a kan makara, ana karɓa-karɓa har bakin kabari. Yanzu sai a tura mutum a kan taya kamar buhun siminti?" Na ce, "Haba Yaya, wace irin magana ce wannan, kai da za ka binne mu duka?" Muka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki.

Annoba ta bar shi, hawan jini bai bar shi ba. Wata safiya ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da ya farfaɗo a asibiti sai aka ga abin mamaki. Faransancin nan da ya yi shekaru yana tarawa ya zube gaba ɗaya, ko gaisuwa babu. Hausa ce kawai ta rage, ita ma guntu-guntu. Likitoci suka ce hakan na faruwa, harshen da mutum ya sha da nono shi ke daɗewa. Aka sallamo shi gida a keken guragu. Duk ƙarshen mako Nasiru na hawo jirgin ƙasa daga Paris, ya zauna gaban uban ya yi ta magana, uban ya zuba masa ido kamar mai sauraren rediyon wata ƙasa. In uban ya ce wani abu, sai Hajiya ta fassara. Da ya ga sai an yi masa tafinta tsakaninsa da ɗan cikinsa, sai ya daina magana in Nasiru na ɗakin, ya juya fuska bango.

Ran nan ina yanka falanki sai ga Nasiru da kwali biyu masu ƙura, ya ajiye a kan bencin nan. Da Faransanci muke magana, shi da nasa, ni da nawa mai ɗingishi. Ya buɗe, ga wasu baƙaƙen guntayen roba masu kama da titi, ga 'yan motoci ba su fi tafin hannu ba. Ya ce uban ne ya saya masa yana ƙarami. "Shi ne kaɗai wasan da muka taɓa yi tare, Tonto. A ƙasa muke shimfiɗa shi, kan darduma. Yanzu ba ya iya zama a ƙasa. Ka yi mana tebur." Ya juya wata jar mota a hannu, sannan ya ce, "Likita ya ce zuciyarsa ba za ta kai mu nesa ba. Ba na son ya tafi bai ce mini komai ba. Ko zagi ne, in dai ni ya yi wa, kuma na gane da kaina." Wallahi sai na ji zarton ya yi mini nauyi, na ajiye shi.

Na ga kuna murmushi, wai abin wasan yara. To ga yadda yake. Titin guntu-guntu ne, ana harhaɗa shi. Kowane layi yana da tsaga a tsakiya, da siraran ƙarafa biyu a gefenta masu ɗauke da wuta. Motar tana da ɗan harshe a ƙarƙashinta da ke shiga tsagar. Mai wasa yana riƙe da wani abu kamar bindiga, in ya matsa kunama mota ta zabura, in ya saki ta lafa. Babu sitiyari. Duk gwanintar ita ce ka san lokacin da za ka sassauta yatsa kafin kwana, in ba haka ba harshen ya fita daga tsaga, mota ta yi tsalle. Teburin da zai ɗauki wannan kuwa, in ya karkace ko da kaurin farce ne a mahaɗar titi, nan motar za ta riƙa tuntuɓe kullum.

Na je gidan na auna Alhaji. Dole gwiwarsa da hannuwan keken su shige ƙarƙashin tebur, ke nan ba ƙafa ba sanda a tsakiya. Hannun hagu kaɗai ke gare shi, kuma in mota ta fita layi ina son ya ɗauko ta da kansa, kada ya jira a yi masa. Na ɗora cokali a kan falanki ina matsarwa yana bi da hannu, inda yatsunsa suka tsaya nan na ja layi. Shi ya sa teburin ya fito siriri. Titin kuma yana son wuri, abin da na rage a faɗi sai na mayar a tsawo, ya kai tsawon mutum da ɗan ƙari. Na yi masa ƙashin baya da busasshen katako, na haɗa da gam da sukuru, don ƙusa tana saki in ana yawan ɗaga abu. Na kewaye shi da gajeren baki, na liƙa soson katifa a ciki saboda motoci masu tsalle. Wayoyin wuta na bi da su ta ƙasa, ƙafafun na yi su masu cirewa. Falon ƙarami ne, Hajiya ta ce in baƙi sun zo ko lokacin salla ya yi, tana son a ɗage shi a jingina da bango. Nasiru ya ce to a sa masa mariƙi. Na ɗaura sanduna biyu a gefe suka zarce gaba da baya, mariƙi huɗu ke nan. Na goge su sumul, har ina yaba kaina.

Ranar kai kaya ana yayyafi. Mun riga mun ɗaure titin a kai, har da 'yar gada da Nasiru ya haɗa a tsakiya, sai ya ɗauko farin zanen gado ya lulluɓe kada ruwa ya taɓa ƙarafan. Motar da muka aro ta kasa isa ƙofar bene saboda ana gyaran hanya, ta tsaya can wajen tashar taram, jirgin ƙasan cikin gari. Muka sauke mu huɗu, ni da Nasiru da abokansa biyu. A hannu ya yi nauyi, wani ya ce mu ɗora a kafaɗa. Muka ɗora, muka ratsa filin da ke tsakanin benaye.

Ban ankara ba sai da na ga Malam Idi, wani dattijo ɗan Tawa da ke zama a bencin filin, ya miƙe tsaye yana salati. Wata mata ta leƙo ta taga ta ɗora hannu a ka. Malam Idi ya biyo mu da sauri ya kawo kafaɗarsa, yana cewa, "Kawo in karɓe ka, Malam Sanusi. Innalillahi! Yaushe Alhajin ya cika?" Sai a lokacin na ga abin da muke ɗauke da shi da idon mutanenmu. Dogon abu siriri, mariƙi huɗu, farin ƙyalle mai tudu a tsakiya, maza huɗu, ɗan mara lafiya a gaba, kuma ƙofarsa muka nufa. Na daɗe ina shafa abin nan a shago ban gani ba, don a kan ƙafafunsa yake tsaye, tebur ne. Na ce, "Subhanallahi, Malam Idi, ba rasuwa ba ce, abin wasa ne!" Ya dube ni kamar na zautu. Nasiru na tambayata me ya faru, na ce ba komai, mu dai tafi.

Asansar benen, na'urar da ke hawa da mutane, ta yi masa kaɗan, sai ta matakala muka hau, muna juya shi muna haki. Hajiya ta buɗe ƙofa, ta gan mu, ta ja da baya ta dafe ƙirji. "Malam Sanusi! Me ka kawo mini gida? Da ransa? Fitar mini da shi!" Na fara rantse-rantse ina kokawar yaye zanen da hannu ɗaya, sai muka ji murya daga falo. Alhaji ne a kekensa, ya karkato kai yana kallo ta ƙofa. Fuskar nan da ta daɗe a murtuke ta saki. Ya ce a hankali, kalma-kalma, "Sanusi. Ba ka manta ba. Makara." Hawaye na bin kuncinsa, amma murmushi yake.

Nasiru ya ji uban ya yi magana a gabansa, ya kama hannuna. "Me ya ce? Tonto, mene ne makara? Ya ji daɗi, ko?" To ku da kuka ce falanki ne da ƙafa huɗu, ku gaya mini amsar da zan ba shi. Na so in ce sunan wani irin tebur ne na garinmu. Amma yaron nan tun yana ƙarami ake tace masa magana, ban ga dalilin in ƙara tawa ba. Na ja shi waje na gaya masa, gadon da ake ɗaukar gawa ne, kuma ubansa murna yake don ya zaci nasa aka kawo. Ya zauna a kan matakala ya sa kai cikin gwiwa, babban mutum mai gemu, yana kuka kamar yaron da aka yaye. Ya ce mu mayar da shi, ya ce in ƙone shi. Na ce ba inda za a mayar, tashi ka riƙe mini ƙafar tebur.

Nan take na kwance sandunan mariƙin, na fitar da su waje kada Hajiya ta ƙara ganinsu. Na ɗaura ƙafafu, na ɗora nibo, na sa ɗan sili a ƙarƙashin ƙafa ɗaya don daɓen falon ya karkata. Aka yaye zane, aka sa wuta. Alhaji ya ga titi da motoci, murmushin ya ɗauke. Ya gane ba abin da ya zata ba ne, kuma ya ji haushi, na san fuskarsa. Nasiru ya miƙa masa bindigar, Alhaji ya dubi hannunsa na hagu ya kau da kai, mutumin da bai taɓa karɓar abu da hagu ba. Na ce, "Yaya Habu, ba kai ka ce mini tsoffin motocin Kano da hagu ake sa musu giya ba? Ko dai cika baki kawai kake yi mana shekara da shekaru?" Ya galla mini harara. Ya karɓa.

Ya karɓa, amma bai matsa ba. Nasiru ne ya fara, ya danne kunama har ƙarshe. Jar motar ta zabura, ta iso kwanar farko, ta yi sama ta bugi soso ta kife. Ya mayar da ita, ya sake dannewa, ta sake kifewa. Da ya ƙara, tsohon direba ya kasa daurewa. Ya bugi hannun keke ya daka tsawa, "Kai! Sassauta a kwana!" Ba ni ya kalla ba, ba Hajiya ya kalla ba. Ɗansa ya kalla.

Nasiru ya juyo wajena. Na ɗaga hannu na ce ni kafinta ne, ba tafinta ba, tambayi mai magana. Ya durƙusa gefen keken. A cikin maganar uban kalma ɗaya ya tsinta, ita ma a gaisuwa kaɗai ya san ta, sai ya ce da 'yar Hausarsa, "Baba... ina kwana?" Hajiya da ke hawaye sai ga ta tana dariya har da riƙe ciki. Alhaji ma ɓarin bakinsa mai rai ya motsa. Ya ajiye bindigar a cinya, ya miƙa hannu ya ɗora yatsa a kan lanƙwasar titin, daidai inda na auna hannunsa zai kai. "Ga ta. Kwana." Sannan ya kama yatsan Nasiru a kan kunama ya ɗaga shi kaɗan. "Sassauta." Ya danna shi. "Taka." Motar ta sha kwana lafiya ta wuce.

Daga ranar, duk Asabar akwai tafiya Kano a falon nan. Alhaji ya raɗa wa kowace kwana suna. Wannan Kance, wannan Matameye, gadar ita ce iyaka, waccan mai kaifi kuma ita ce ta kusa da Daura inda ya kife da gyaɗa. Nasiru ya koyi taka, sassauta, tsaya, wuce. Ya koyi "sakarai" da "ka ci gidanku", don yana samunsu a kai a kai, duk da gidan nasu ɗaya ne. Ba zan yi muku ƙarya in ce sun zauna sun yi hira irin ta uba da ɗa ba, lokaci bai kai su nan ba. Hausar direbobi ce 'yar kaɗan, ta tsawa da zagi. Amma wata rana na je gyaran wata mahaɗa da zafin ɗaki ya ɗaga, na tarar da Hajiya a kicin ita kaɗai tana yanka albasa. Ta ce mini, "Sun kore ni, Malam Sanusi. Wai ba sa bukatar tafinta."

Bai ga ƙarshen hunturun ba. Ya cika da hantsi, a gida, Nasiru na kusa da shi. Hajiya ta ce a binne shi nan, a ɓangaren Musulmi na maƙabartar gari, inda ɗansa zai riƙa kai ziyara. Mu muka yi masa wanka, muka sa shi a likkafani. Akwati kuwa ba yadda na iya, doka ce, ma'aikatan jana'iza suka kawo nasu. Na tsaya a kansu lokacin rufewa. Ba su buga ƙusa ba, sukuru suka ɗaura, iyakar abin da zan iya ce masa ke nan in mun haɗu. Raina ya ɓaci ranar, har yau in na tuna yana ɓaci.

Ana gobe jana'iza Nasiru ya zo shagon nan, ya tsaya daidai inda kake tsaye, kai mai wayar. Ya nuna sandunan mariƙin da na jingina bayan ƙofa, ya ce da Hausa, "Kawu, makara." Na ɗauko su. Muka je gidan muka kwance titin muka mayar a kwali. Na cire ƙafafu da bakin soso, na mayar da mariƙi, na ƙara katako a ƙasa, don motar roba na yi wa shi, ban yi shi don nauyin mutum da akwati ba. Nasiru ya roƙi ma'aikatan. Suka yi ta duban juna, sannan suka ce daga ƙofar maƙabarta zuwa kabari babu laifi.

Aka yi salla, muka ɗora akwatin, muka ɗaga a kafaɗa. Malam Idi ya zo ya karɓe ni, wani ya karɓe shi, 'yan Maraɗi, 'yan Kano, har samarin da aka haifa nan, waɗanda ba su taɓa ganin haka ba, suka shiga layi. Keken ma'aikatan na biye da mu ba kowa a kai. Nasiru kaɗai ya ƙi a karɓe shi, yana riƙe da mariƙin gaba. Kun san mutanenmu da sauri in an ɗauki gawa. Hanyar tsakuwa ce, an yi ruwa, kuma can gaba tana lanƙwasa wajen wasu itatuwa. Na ga na baya suna turo na gaba, akwatin ya fara zamewa gefe. Na buɗe baki zan yi magana, Nasiru ya riga ni. Bai juyo ba. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, da Hausar Damagaram, da muryar ubansa sak.

"Ku sassauta a kwana."

Muka sassauta.

Tun daga ranar falankin yana nan a jingine, in an yi rasuwa a unguwa nan ake zuwa aronsa. Kai mai wayar, tashi ka sauke rigarka daga kansa.